Idon Mai Hula a Rumfar Taya

Kawu Babakura yayan mahaifiyata ne, kuma hula yake sayarwa a kasuwar Jimeta tun kafin a haife ni. Yana saurayi ya baro ƙauyenmu da ke bayan Uba, ta ɓangaren Borno, da 'yan huluna a cikin buhun sukari, ya sauka a Dubeli wajen wani abokin mahaifinsa, bai sake tashi daga unguwar ba. Dogon mutum ne, ba ya yawan magana a gida, amma a kasuwa sai ka ce wani aka sauya. Idan aka miƙa masa hula ba ya fara kallon gabanta. Juya ta yake yi ya duba ciki, ya kai ta kusa da ido, ya bi ɗinkin da farcen babban yatsa, sannan ya matse ta a tafin hannu ya sake. A wurinsa abu mai kyau shi ne mai ƙananan aiki a matse, mai laushi, wanda in an murƙushe shi zai koma yadda yake. Da wannan ma'aunin yake sayen tabarma da darduma da takalmi, har da burodi. Inna, wato mahaifiyata, tana cewa da haka ya zaɓi matarsa ma, shi kuwa bai taɓa musu ba.

Motarsa ya saye ta a 2013 a hannun wani likitan dabbobi da ya yi ritaya. Wagon ce doguwa ruwan toka, gas take sha ba fetur ba, in an tayar da ita da safe duk layinmu sai ya ji. Abin da ya bambanta ta da motocin unguwa shi ne ƙafafunta huɗu duka suna ja, ba biyu kawai ba. Kawu bai damu da wannan ba lokacin da ya saya. Faɗin bayanta ne ya burge shi, saboda kwalayen hula.

Sai a ƙarshen 2014 muka san amfaninta. Da Mubi da Uba suka faɗa hannun mutanen nan masu bindiga, jama'a suka kwararo Yola, da yawa a ƙafa ta cikin daji. Kawu ya rufe rumfa kusan wata guda yana kai da komo tsakanin Gombi da Jimeta, yana kwaso duk wanda ya tarar a bakin hanya, ɗan'uwa da bare. A cikinsu akwai mahaifiyarsa, Kaka Mairam, wadda ta iso Gombi da takalmi ƙafa ɗaya. Ƙanwarta, Kaka Bintu, ba ta zo ba. Tun tana yarinya ƙafarta ta hagu ba ta da ƙarfi, kuma da gudu ya yi gudu sai ta zauna a gindin wata tsamiya a bayan gari, ta ce ita iyakarta ke nan. Wasu maƙwabta Margi ne suka dawo suka ɗauke ta zuwa kan dutse, suka riƙe ta har aka koma gida. Kaka Mairam ba ta son maganar ranar. Ni ce mai zama kusa da ita ina tambayar wa ya haifi wa, wa ya auri wa, kuma tana ba ni amsa har da ƙari, amma duk ranar da na kawo zancen tsamiyar sai ta ce in miƙo mata buta.

A watan Afrilu na 2017 saƙo ya zo cewa Kaka Bintu tana kwance, cikinta ya kumbura, ko zama ba ta iya yi da kyau. Asibiti take bukata, kuma a Yola. Daga Uba zuwa ƙauyen babu kwalta, motar haya ba ta shiga, tsohuwa marar lafiya kuwa ba za ta hau babur ba. Sannan akwai wani rafi da ba shi da gada. Da rani yashi ne zalla, amma da an yi ruwa biyu ko uku masu ƙarfi, babu motar da za ta sake tsallake shi sai bayan damina. Hadari ya riga ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Kowa a gidan ya san in ba a ɗauko ta a cikin makon ba, to, da wuya 'yan'uwan nan biyu su sake ganin juna.

Matsalar ita ce motar ta yi watanni tana wani irin gurnani a ƙarƙashinta, musamman in Kawu zai shiga kwana. Ya kai ta garejin Apollos a Rumde, ni kuma na bi shi, don ni ce mai karanta masa duk abin da aka rubuta da boko. Kawu yana da karatun allo mai zurfi, amma lambobin jikin kayan mota ya ce kamar tururuwa suke a idonsa.

Apollos bakanike ne ɗan Numan, gajere mai furfura, shi yake duba motar tun tana hannun likitan dabbobi. Na ɗauka zai shiga ƙarƙashinta da sufana. Maimakon haka sai ya ɗaga ta da jak, ya ɗauko igiyar shanya, ya zagaya kowace taya da ita, ya yanka daidai inda bakin ya haɗu. Ya shimfiɗa igiyoyi huɗun a ƙasa gefe da gefe. Babu biyun da suka zo daidai. Ɗaya ma ta fi 'yar'uwarta da kusan faɗin yatsa uku.

Ba abin mamaki ba ne, don Kawu, kamar kowa a garin nan, taya ɗaya-ɗaya yake saye. Wadda ta mutu ita ake canjawa, da duk wadda aka samu ta shiga wili.

"Alhaji, motan nan ba kaman sauran ba ne," in ji Apollos. "Ƙafa huɗun duka ɗaure suke da juna. In mutum huɗu sun ɗauki gado, wani dogo wani gajere, gadon ne zai sha wahala. Wannan kukan da kake ji, gadon ne."

Ya ce giyar tsakiya ba ta riga ta lalace ba, amma in aka kai ta doguwar hanya a haka, ga kaya ga yashi, bai yi alkawarin za ta dawo ba. Magani shi ne tayoyi huɗu iri ɗaya, girma ɗaya, cin hanya ɗaya. Ya rubuta mini lambar girman a bayan kwalin sigari, ya ce shi zai tafi jana'iza Numan, sai jibi.

Washegari muka tafi rumfar Bobboyi, mai sayar da tayoyin gwanjo, waɗanda ake ce wa Beljiyam. Bobboyi Bafulatani ne, Kawu kuwa Babarbare, kuma duk wanda ya zauna a Yola ya san wasan da ke tsakanin waɗannan biyun. Shekara ashirin suna tare, ban taɓa jin ɗaya ya yabi abin ɗaya ba. In Bobboyi ya zo sayen hula, Kawu yakan ce kansa kamar ƙwaryar nono yake, babu hular da za ta zauna. In Kawu ya zo sayen taya, duk wadda ya taɓa sai Bobboyi ya ce ita ce mafi muni a rumfar, kuma Babarbare ne kaɗai zai iya zaɓo ta. Muna isa Bobboyi ya ce mini in ja wa bawansa, wato Kawu, kujera, ya ga tsufa ya kama shi.

Na ba shi kwalin sigarin. Ya ce samun huɗu iri ɗaya a gwanjo abu ne mai wuya, amma bari a duba. Aka dinga mirgino tayoyi ina karanta lamba. Can sai Kawu ya hango wasu guda huɗu a jere a lungu, an ɗaure su da waya. Lambarsu ta yi daidai da ta kwalin. Ya tsuguna a gabansu, na ga fuskarsa ta canja.

Ni ma ban taɓa ganin taya irinsu ba. Haƙoransu masu zurfi ne kamar sababbi, kuma kowane haƙori an tsattsaga shi da wasu siraran layuka masu lanƙwasa, ɗaruruwa, a jere a matse. Kawu ya bi su da farce kamar yadda yake bin ɗinki. Ya danna robar da babban yatsa, ta lotsa, ta dawo. Ya leƙa cikin tayar. Ya ce mini in zo in ga aiki, wanda ya yi wannan ya zauna ya yi shi, ba irin waɗancan masu manyan gaɓoɓi kamar ɗinkin ɗan koyo ba.

Bobboyi ya ce, "Ka bar waɗannan, Babarbare. Na ƙasar ƙanƙara ne. Ba su san Yola ba."

Kawu ya yi dariya, ya ce ashe yau ya taɓo masu kyau, tunda Bafulatani ya fara kuka. Bobboyi ya sake faɗa, ya ce wata shida ke nan suna lungun, ba don babu masu ido a garin ba. Kawu ya ce ai yanzu mai idon ya zo. Ni ina tsaye na lura Bobboyi bai yi dariya ba a karo na biyun, amma ban san me zan yi da abin da na lura ba. A gefen kowace taya akwai ɗan hoton dutse mai kai uku, da wani abu kamar tauraro a cikinsa. Na nuna wa Kawu, ya ce zanen zai yi kyau a hula. A ƙarshe Bobboyi ya ɗaga kafaɗa, ya sa mai faci ya ɗaura su.

Ranar da ta biyo baya, da azahar, Kawu ya ce mu ɗana motar zuwa Girei mu dawo. Afrilu ne, zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ka iya riƙewa. Gurnanin ya ɗauke ƙaf, Kawu sai murmushi yake yana cewa Injiniya Apollos ya san aikinsa. Amma bayan mun tsallake gada ya ƙara wuta, sai na ga yana ta gyara sitiyari. Ya ce motar kamar a kan katifa take tafiya. Da ya taka birki a wajen wani shingen sojoji, sai da ta ƙara gaba fiye da inda ya nufa, har sojan ya ɗaga masa gira. Muna dawowa gida na sauka na taɓa tayar baya don in ji. Zafi ne kamar gindin tukunya, ga wani wari, kuma da na shafa sai wasu baƙaƙen ɓurɓushi suka biyo hannuna, irin wanda roba ke bari in an goge fensir. Na tara su a takarda na ajiye.

Da la'asar Apollos ya dawo daga Numan ya biyo ta gida. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsuguna, ya daɗe yana kallon ɗan hoton dutsen, sannan ya tambayi wanda ya zaɓa. Kawu ya ce shi ne, da alfahari. Na miƙa wa Apollos takardar ɓurɓushin. Ya murza su a yatsa, ya zauna a kan benci ya yi mana bayani.

A ƙasashen da ake kawo tayoyin nan, in ji shi, akwai watannin da hanya take daskarewa. Shi ya sa suke da tayar sanyi daban, mai roba mai taushi don kada ta sandare, da waɗannan ƙananan tsagogi don su kama ƙanƙara. Abin nan mai kama da tauraro hoton ƙanƙara ne. In sanyi ya wuce sai su cire su, shi ya sa suke isowa nan da haƙoransu kamar sababbi. A kan kwaltar Yola kuwa, a watan Afrilu, robar narkewa take yi a hankali. Ga shi kuma sun tsufa. Ya nuna mini wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye a gefen tayar, ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Na karanta, na lissafa, na ce shekara tara. Ya ce a cikin gari a hankali za su kai mutum kasuwa, amma awa huɗu a kan kwalta mai zafi da mutane a ciki, sannan duwatsu masu kaifi, shi ba zai sa 'yarsa a motar ba.

Na yi ta tambayarsa, har Inna ta ce in bar bawan Allah ya sha ruwa. Ina so in san yadda ƙasa take zama har mota ta bukaci takalmin sanyi da na zafi, da inda suke ajiye huɗun da suka cire, da ko talakansu ma haka yake yi. Apollos ya ce shi ma bai taɓa zuwa ba, wani Bature da ya yi wa aiki ne ya gaya masa.

Kawu bai yarda nan take ba. Ya ce shekara talatin yana duba aiki, bai taɓa ganin abu mai kyawun aiki haka ya zama marar amfani ba. Ya ce za a tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi, a tafi a hankali. Ina ganin ba taurin kai ba ne kawai. Neman wasu huɗun zai ci kwana ɗaya, wataƙila biyu, ga hadari yana ƙara duhu. Sannan ga komawa gaban Bobboyi.

Kaka Mairam tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jin komai.

"Babakura," ta ce, "na taɓa barin ta a bakin hanya sau ɗaya. Ba zan je in ɗauko ta daga kan gadonta don in sake ajiye ta a bakin wata hanyar ba. Ka koma wajen Bafulatanin."

Kawu ya ce, "To, Ya." Haka yake kiran ta.

Da safe muka koma, Apollos yana biye da mu da igiyarsa. Na zaci Bobboyi zai tara 'yan kasuwa a yi wa Kawu dariya. Ya dai fara, ya ce a buɗe hanya ga sarkin masu ido. Amma da ya ji dalilin tafiyar sai ya ce da an gaya masa tsohuwa za a ɗauko, da ko da kokawa ba zai bari a fita da tayoyin ba. Kawu ya ce to ta yaya mutum zai gane ranar da Bafulatani yake faɗin gaskiya? Bobboyi ya ce alamar ita ce in ya faɗi magana sau biyu, don shi ba ya maimaita wasa.

Bobboyi ya karɓi tayoyinsa. A rumfarsa aka samu biyu iri ɗaya na ƙasar zafi, masu tauri, masu manyan haƙora, shekararsu uku. Sauran biyun ne aiki. Bobboyi ya rufe rumfarsa, abin da ban taɓa gani ba, ya shiga gaba muna binsa rumfa-rumfa. Aikina shi ne karanta girma da shekara, Apollos kuma ya zagaya igiya. Mun duba tayoyi sun fi hamsin. Wata sunan ya yi daidai amma ta sha hanya, igiya ta yi mata yawa. Wata igiya ta yi daidai amma an yi mata faci a gefe. Kawu yana biye da mu, hannayensa a baya, ya hana kansa taɓa komai. Sai bayan la'asar muka samu biyun a wajen wani Zubair a hanyar Numan, a ƙarƙashin tulin tayoyin tirela. Da aka shimfiɗa igiyoyi huɗun a ƙasa, bakinsu ya zo daidai kamar an yanka su tare. Kawu ya dube su ya ce bai taɓa sayen abu mai muni irin wannan ba.

A yammacin nan aka yi ruwan farko, ba mai yawa ba, amma ta gabas ya fito.

Muka tashi bayan sallar asuba, ni da Kawu da Kaka Mairam, an kwantar da kujerun baya an shimfiɗa katifa. Shingayen sojoji sun fi abin da zan iya tunawa, a wasu sai kowa ya sauka ya wuce a ƙafa. Bayan Hong muka fara ganin gine-ginen da aka ƙona, wasu an sa musu sabon kwano, wasu ciyawa ta fito a cikinsu. Kaka ba ta kalli taga ba, carbi kawai take ja. Muka bar kwalta a Uba, muka shiga hanyar duwatsu, ina jin su suna bugun ƙasan motar, ina tuna taushin waɗancan tayoyin.

Rafin ya kawo ruwa, amma iya ƙauri. Kawu ya sauka, ya naɗe wando, ya taka har tsallake yana jin yashin da ƙafa, ya dawo ya yi bisimilla. A tsakiya motar ta ɗan nutse ta baya, injin ya yi ƙara, na ji kamar duk ƙafafun suna tono a lokaci guda, sai ga mu a gaci.

Kaka Bintu tana kwance a ɗakin maƙwabtan da suka riƙe ta. Ta rame har ban gane ta da hoton da muke da shi ba. Kaka Mairam ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga. Ƙanwar ce ta fara magana, ta ce, "Yaya, kin yi ƙiba. Ashe gudu yana karɓar ki." Sai Kaka ta shiga ta zauna a bakin gadon, ta kama ƙafar nan ta hagu ta riƙe, mu kuma muka fita muka ba su wuri.

Ba mu yi awa biyu a garin ba, don sama ta sake haɗewa. Muka kwantar da Kaka Bintu a kan katifar, muka tsallake rafin yayyafi yana sauka, ruwan ya kai gwiwa. Bayan kwana uku aka yi mana waya cewa ya cika har ya tafi da shanu biyu.

Kaka Bintu ta yi mako biyar a asibiti, aka zuƙe ruwan cikin, aka ɗora ta a kan magani. Likita bai ba mu dogon fata ba, amma sai da ta yi shekara uku da wata huɗu a Dubeli, a ɗaki ɗaya da yayarta. Kullum suna cikin gardama, a kan wadda ta bar fanka a kunne, da shekarar da aka yi fari, da ko mahaifinsu ya taɓa zuwa Kukawa ko a baki kawai yake faɗa. Yawancin tarihin gidanmu da na sani yanzu daga wannan gardamar na tsince shi, don duk abin da ɗaya ta manta sai ɗayar ta tuna don ta ƙaryata ta. Ranar da Kaka Bintu ta cika, da hantsi ne, kanta yana kan cinyar Kaka Mairam, ana cikin ba ta kunu.